Mutum Nawa Ne a Gidan?

Sun ba ni riga mai aljihu shida
da waya mai faɗin faranti.
Suka ce: Bajoga, bayan tasha,
layin nan da bai da suna,
inda waɗanda suka gudo suka ari inuwa
a gidajen da ba a gama ginawa ba.
Ki ƙirga kawai. Kada ki yi wa kowa alkawari.

Tambaya ta ɗaya, suna.
Ta biyu, daga ina.
Ta uku, yaushe.
Wani dattijo ya ce, "Lokacin gero na bununi."
Wayar ba ta san wannan watan ba,
sai na zaɓa masa Agusta.
Ya gyaɗa kai
kamar wanda aka ara wa hular da ta yi masa kaɗan.

Modu Gana ya ba ni ciwon kai.
Sau uku yana komawa Buni,
sau uku yana dawowa.
Bara ya shuka wake a can,
wasu suka ci.
Na ce, to, mai komawa zan rubuta, ko mai gudu?
Ya ce, "Malama, tambayi takalmina,
shi ya san inda muka fi daɗewa."

Akwai jaririyar da aka haifa a bayan tipa
kafin a tsallake Gongola.
Gurbin garin haihuwa ya buɗe baki yana jira.
Uwar ta ce, "Sa hanya."

La'asar ta yi, caji ya sauka zuwa tara,
na shiga gida na talatin da ɗaya.
Ba ƙyaure, buhun siminti ne labule.
Yakura na zaune tana ɗauraye kwanoni.
Na ce, Iya, mutum nawa ne a gidan?
Ta ce, "Mu bakwai."
Na bi kawuna da ido: shida.
Na sake bi, har da na goye: shida.
Kwanoni kuwa bakwai,
kife a jere suna tsane ruwa.

"Grema ne," in ji ta.
"Ya fita kwanto akuya a bayan gari.
Shekara tara ke nan."

Gurbi huɗu fom ɗin ya tanada:
yana nan,
ya rasu,
ya koma gida,
ya wuce wani gari.
Na karanto mata su ɗaya bayan ɗaya.
Ta ce ba ta ga gawa ba,
ba ta yi sadakar uku ba,
ba kuma za ta yi ta a bakin wata waya ba.

Shafin ya ƙi wucewa sai an ba shi lamba.

Na tuna dokar Malam Barau a wurin horo:
wanda ya kwana gidan jiya, shi ne na gidan.
Na ce, Iya, jiya a nan ya kwana?
Ta ɗago, hannunta na ɗigar da ruwa.
"Kullum a nan yake kwana, 'yata.
Ni ce ba na barci."

Na danna shida.
Wayar ta yi ƙara ƙit, ta nuna kore,
ta gamsu.

Da dare lambobin suka hau sama,
suka sauka a wani ofis a Gombe.
Gobe za su zama ɗigo a kan taswira,
ɗigon ya zama buhu, da bargo, da gidan sauro,
kuma wallahi ana bukatarsu,
na ga tukwanen da idona.
Ba ƙarya na rubuta ba.

Amma a bayan littafina,
ƙasan lissafin kuɗin acaɓa,
na sa: Grema, ɗan Yakura, mai gibi,
shekara sha huɗu ranar da ya fita.

Da na isa gida Inna ta ɗaga murya daga madafa,
"Na mutum nawa zan auna?"
Na buɗe baki,
na tsaya.